Kaskon Hajiya da Bawul ɗin Ɗakin Sama

Shekara goma sha tara ina gyaran hita a gidajen ƙasar nan, kuma yawancin gidajen da na shiga ko launin ƙofarsu ba zan iya tunawa ba. Amma wata Talata ta watan Janairu, shekara uku ke nan, a wani gida da ke bayan Oxford Road a Manchester, ita kam ta ƙi barin kaina. Ku da kuka shigo sana'ar nan kwanan nan kun ishe ni da tambayar me ya raba ni da kamfani. Wasu sun ce manaja na zaga. Ban zage shi ba, ko da yake ya cancanta. Ga abin da ya faru, ku karanta, kada a sake tambayata.

Sunana Sama'ila, amma Sam aka rubuta a ƙirjin rigar aikina, kuma ban taɓa neman a gyara ba. A aji uku na sakandare na tsaya a Kano. Takardar aikin gas ma sai a zama na uku na ci. A Small Heath nake, wata unguwa a Birmingham, ɗaki ɗaya a saman wani shagon nama, tun da muka rabu da uwar yarana. Ofishin kamfanin da nake wa aiki a lokacin yana Perry Barr, nan cikin Birmingham, amma a hunturun nan sun samu kwangila a Manchester, ma'aikata suka yi musu kaɗan, sai suka nemi wanda zai je ya yi sati shida. Duk masu iyali suka sunkuyar da kai. Manajanmu, wani Bature da ake kira Keith, ya dube ni ya ce ai ni babu mai jirana a gida. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi min zafi.

Sai na bayyana wata doka, domin a kanta komai ya rataya. Idan ka gyara abu a gida, aka sake kiran kamfani kan abu ɗaya kafin kwana talatin, sunansa call-back, kuma ana ɗiga maka baƙin maki. Maki uku a hunturu ɗaya, ka ajiye makullin mota. Hanya ɗaya ce ta kuɓuta: ka rubuta a rahoto cewa matsalar daga masu gida take, ka ɗauki hoto ka haɗa. Rahoton kuma kwafi biyu ne, ɗaya ofis, ɗaya kai tsaye wayar mai gida. Na tafi Manchester da maki ɗaya a wuyana, na wani gida a Perry Barr, wancan kuwa laifina ne, na yi gaggawa.

Ga wanda ba ɗan sana'a ba kuma, ga yadda abin yake. Boila tana dafa ruwa, famfo yana tura shi cikin bututu zuwa rediyeta, wato faifan ƙarfen nan da ke jikin bangon kowane ɗaki. A gindin rediyeta akwai bawul mai farin kai na roba da lambobi ɗaya zuwa biyar. TRV muke ce masa. Mutanenmu sun ɗauka lambobin nan kamar na murhun gas ne, ka murɗa biyar wuta ta ƙaru. Ba haka ba ne. Cikin kan nan akwai wani abu mai kumbura idan ya ji ɗumi. In ya kumbura sai ya danna wani ɗan fil na ƙarfe, fil ɗin ya toshe ruwan zafi. In iska ta huce sai ya saki. Wato kan bawul bai san komai game da ɗaki ba. Iskar da ke kewaye da shi kawai ya sani, tazarar tafin hannu.

Gidan na wani likita ne, Bahaushe, bene mai hawa uku. Ranar farko shi ya buɗe min ƙofa, da katin asibiti a wuya, yana duba agogo. Tun daga takalman da ke bakin ƙofa na san gidan namu ne. Ban nuna ba. Na daɗe da daina yi wa manyanmu na nan Hausa a bakin aiki. Da ka yi, tambaya ta farko ɗan wane gida ne kai, ta biyu me ka karanta, daga nan sai murya ta canza, sai kuma a karɓi lambarka a riƙa kiranka ranar Lahadi kamar yaron gida. Da Turanci aƙalla ni injiniya ne. Shi ma ya dubi fuskata, ya dubi Sam ɗin da ke ƙirjina, ya zaɓi ya yarda da rigar.

Ya ce ko'ina a gidan da ɗumi, ban da ɗakin can sama inda mahaifiyarsa take. Wata huɗu da zuwanta daga gida. Sanyi ya kama mata ƙirji har likitan unguwa ya ba ta magani sau biyu. Sai ya zaro waya ya nuna min wani zane. Ashe ya manna wata 'yar na'ura a bangon ɗakinta mai aiko masa da awon zafin ɗakin duk inda yake. Layin yana faɗuwa daga ƙarfe takwas na safe, ya kwanta ƙasa da digiri sha biyar har la'asar, sannan ya tashi da yamma. Kullum haka. Na tambaye shi ita me ta ce. Ya ce ba ta cewa komai, ko ya tambaya sai ta ce lafiya lau. Ya ba ni lambar akwatin makulli na bakin ƙofa, ya ce shi da matarsa da yara duk ba sa nan da rana, amma ofishinmu na sanar da matarsa, ita kuma ta kira tsohuwar ta ce mai gyara na tafe. Ya fita.

Na hau. Ɗaki ne tsaf, gado ɗaya, akwati biyu a kan juna, darduma a naɗe. Rediyeta tana ƙarƙashin taga, an ja labule mai kauri gefe guda, irin mai jan ƙasa. Tsohuwar tana zaune a bakin gado cikin hijabi har ƙasa, ta ba ni gefe, carbi a hannu. Na ce mata hello. Ta ɗaga hannu kaɗan, ba ta dube ni ba.

Na bi tsari yadda aka koya mana. Idan saman rediyeta ne da sanyi ƙasa da zafi, iska ce ta taru. Idan ƙasa ne da sanyi, baƙar laka ce ta kwanta. Idan duka ne da sanyi alhali bututun da ke shigowa da zafi, to fil ya maƙale, wanda yakan faru bayan bazara in an daɗe ba a murɗa ba. Wannan da ɗan ɗumi-ɗumi na same ta, kamar mai farfaɗowa. Na sa ɗan makulli na fitar da iska, 'yar kaɗan ce. Na cire kan, na danna fil da bayan sifana, yana shiga yana fitowa, amma na ɗiga masa mai duk da haka. Na sauka na duba agogon boila ko an saita shi ya mutu da rana. A kunne yake. Kafin in tafi rediyetar ta yi zafin da ba a iya dafa ta. Na rubuta an gyara.

Kwana biyar Keith ya kira. Maki na biyu.

Na koma da haushi. A wannan karon na cire kan bawul ɗin gaba ɗaya na sa sabo dal daga kwali. Sannan na yi wa gidan duka abin da muke kira balansin. Ruwa malalaci ne, rediyetar da ta fi kusa da boila yake cikawa ya bar ta nesa. To a ɗaya gefen kowace rediyeta akwai wani bawul mai murfi wanda ba a taɓa shi sai da sifana. Sai ka bi na ƙasa ka rage musu, ka buɗe na sama sosai, don ruwa ya hau dole. Rediyeta goma sha ɗaya, awa uku ina hawa ina sauka da gwiwar nan tawa. Tsohuwar tana nan inda na bar ta, kamar ba ta motsa ba tun wancan satin. Sau ɗaya ta yi tari mai tsawo, na ji ta ce a hankali, wash Allah. Bakina ya buɗe zai ce sannu, na rufe shi. Na ce mata all done, na tafi.

Ranar Litinin ta sama Keith ya sake kira. Ya ce likitan ya turo zanen wayarsa da doguwar wasiƙa, babu abin da ya canza. Ya ce in je gobe ƙarfe biyu, kuma in tuna lissafina: ko in dawo da hoton da ke nuna laifin masu gida ne, ko in dawo da makullin mota. Ya ce shi a ganinsa tsohuwar ce ke murɗe abin, tsofaffin ƙasashenku ba su san hita ba, in ɗauki hoto kawai a wuce wurin.

Talatar nan aikin da nake da shi na safe ya rushe, mai gidan bai kwana a gari ba. Ga ni a Oxford Road ƙarfe goma, bas na bin bas, ruwa na zuba, ba ni da inda zan je sai ɗakin da kamfani ya kama min mai warin sigarin wani. Na ce bari in je in gama da shi. Ban sanar da ofis ba, don haka babu wanda ya kira tsohuwar.

Na ƙwanƙwasa, na buɗe da makulli, na ɗaga murya da Turanci cewa mai gyaran hita ne. A hawa na biyu ƙamshin ya tare ni. Turaren wuta, na gaske, irin wanda ake haɗawa da itace da sukari a bar shi ya kwana. Na tsaya riƙe da ƙarfen bene. Rabona da wannan ƙamshin tun ɗakin mahaifiyata a Fagge, ita kuwa ta rasu ina nan, takarduna ba su fito ba, ban je jana'iza ba. Na ji motsi a sama, ana jan wani abu a ƙasa da sauri.

Da na shiga tana tsaye tana kokawa da hijabi, ta sa shi a karkace. Labulen a sake yake, ya rufe rabin rediyetar da bawul ɗin duka. Na ɗaga shi. Rediyeta sanyi ƙalau kamar ƙarfen gada. Na taɓa kan bawul, zafi. Sabon kan da na sa fari tas kwana shida da suka wuce ya yi ja-ja a ƙasansa, yana danƙo. A kan kafet, daidai ƙarƙashinsa, ga zagayen shaidar wani abu, ga soket a gefe. Ga kuma wayar lantarki ta leƙo daga ƙarƙashin gado.

Ban shirya ba, bakina ne ya riga ni.

“Salamu alaikum, Hajiya. Ina kaskon?”

Ta saki hijabin. Ta dube ni, karo na farko a zuwa uku.

“Wa alaikumus salam. Ɗan nan, dama kana ji?”

“Ina ji, Hajiya.”

“Zuwanka uku. Ka ji ina tari.”

Na ce na ji. Ta ce to Allah ya shirye ka. Ba da faɗa ta faɗa ba, kuma da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Na durƙusa na gaishe ta yadda ya kamata, ina kwana, ina gajiya, yaya jiki, yaya baƙunta. Ta amsa ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsallake ko ɗaya ba, kamar mai cin abinci bayan doguwar yunwa. Sannan ta sunkuya ta jawo kaskon. Na lantarki ne, ɗan ƙarami, har yanzu da zafinsa.

Labarin ya fito a hankali. Da ta zo da kaskon ƙasa ta zo, da gawayinta. Sati na biyu ta hura, ƙararrawar hayaƙi ta tashi, maƙwabta suka fito, abin ya zama abin kunya. Ɗanta ya ɗauke kaskon, ya ce in ya sake ganin turare a gidan zai zubar da shi duka. Ba ta ambaci sunansa ko sau ɗaya ba, ɗan fari ne, sai dai ta ce shi wannan ɗin, ko mai gidan nan. Na lantarkin wata mata ce da ta zo duba ta ta kawo mata a ɓoye. Da sun fita da safe sai ta kunna, ta tura shi bayan labule, ta ɗan buɗe ƙaramar kafar iska ta saman taga, hayaƙin ya bi bayan labule ya fice, ƙararrawa ba ta ji ba. La'asar ta kashe ta ɓoye kafin yara su dawo. In an ce mai gyara na zuwa, ta kashe da wuri, ta ja labule, ta kimtsa ɗaki, don ba a tarar baƙo da tarkace.

Na tambaye ta me ya sa take barinsa a kunne wuni guda, turare ai na ɗan lokaci ne. Ta ce saboda sanyi. Ƙarfen bangon nan ba ya aiki da rana, sai ta matso ta riƙa ɗumama hannu a kaskon.

Na zauna a ƙasa na yi mata bayani da kan bawul ɗin a hannuna. Na ce Hajiya wannan abin hanci gare shi, amma na jin zafi. Kin sa masa wuta a ƙarƙashi kin rufe shi da labule, shi a saninsa Kano yake a watan Afrilu, sai ya rufe ruwa. Ke kina jin sanyi kina ƙara kunnawa, shi yana ƙara rufewa. Ta riƙe baki. Sai ta yi dariya har tari ya kama ta, ta ce ashe ita da abin nan wata uku suna faɗa ba su sani ba.

Na ce me ya hana ta gaya wa ɗanta tana jin sanyi. Ta ce ta yaya za ta buɗe baki ta kai masa ƙara, shi da ko ido ba ta haɗawa da shi tun yana yaro. Ta ce yana da kirki, kullum sai ya tsaya a bakin ƙofa ya gaishe ta kafin ya kwanta, minti ɗaya. Jikokin kuma in ta yi magana sai su yi murmushi su ce yes Grandma. Ta ce akwai ranar da ta lissafa, daga asuba zuwa isha, da Allah kaɗai ta yi Hausa.

Ban ce mata ni ma ba. Amma ni ma ɗin ne.

Na fito da tablet ɗin aiki. Hoton a shirye yake, ko makaho ya gani: kasko, soket, jan danƙo a kan farar roba. Ɗauka ɗaya, maki ya goge, har na biyun ma sai sun cire. Ta ga na ɗaga shi ta tambaya mene ne. Na gaya mata gaskiya, har da cewa kwafi zai je wayar ɗanta kafin in kai mota.

Ta buɗe akwatin sama ta fito da kwalbar turaren, saura kamar rabi. Ta ce ƙanwarta ce ta haɗa mata da hannunta ana gobe za ta taso, kuma ƙanwar ta rasu bayan zuwanta da wata ɗaya, ta waya aka gaya mata.

“In ya ƙare ya ƙare, babu mai haɗa irinsa. Amma ka yi aikinka, ɗan nan. Kada a kore ka a kaina.”

Da ta roƙe ni, wataƙila da na ɗauki hoton. Na san halina, ba na son a matsa min. Amma ba ta roƙa ba.

Na ajiye tablet. Abu na farko, na gaya mata ba wasa cewa kasko a bayan labule gobara ce ke jiran rana, kuma in ta sake ni da kaina zan kira ɗanta. Na sauka mota na ɗauko wani tayil da ya rage min, na ɗora a kan dakalin taga, na ce nan ne gidan kasko daga yau, ƙarƙashin kafar iska, minti goma a kashe. Na naɗe labulen na ɗaure shi can gefe da igiyar roba yadda ba zai kai ga bawul ko kasko ba. Na goge danƙon, na ga ba zai fita duka ba, sai na sa wani sabon kan, na jefa wancan a aljihu. Na saita shi a uku da rabi, na ce kada ta taɓa. Muka zauna muna jira. Can bututu ya fara ƙas-ƙas. Na kama hannunta ta cikin hijabi na ɗora a saman rediyetar. Ta bar shi a wurin har zafin ya iso.

Ta ce sai na sha shayi. Dokar kamfani ta hana, na sha kofi biyu. Ta tambayi unguwarmu, ta san layinmu, har ta san mai ƙosan da ke bakin masallaci a da. Ta tambayi iyali, na faɗa mata yadda ake ciki, ba ta yi min wa'azi ba. Da zan tafi ta ɗebi turaren nan cokali biyu ta ƙulle a leda ta ba ni. Na ce ba zan karɓa ba, kaɗan ya rage mata. Ta ce ba shawara take nema ba.

A mota na rubuta rahoto: kan bawul ɗin da na sa a zuwa na biyu ban zaunar da shi daidai ba, yana danne fil, na canza. Na tura.

Ranar Juma'a ina Perry Barr gaban Keith. Ya ce shekara goma sha shida ina sa kan bawul, bai yarda ban iya zaunar da shi ba, in faɗa masa gaskiya ya gyara takardar. Sau biyu ya tambaya, wannan kam na ba shi. Na ce abin da na rubuta shi ne. Na ajiye makulli na hau bas zuwa Small Heath da akwatin kayan aikina a cinya.

Kada wani ya ce min na yi abin kirki. Wata biyu ina zaune a ɗaki ina kallon bango, kuma a cikinsu na zagi kaina ya fi a ƙirga. Likitan kuwa ya ba kamfani tauraro biyu cikin biyar a intanet, ya rubuta cewa sai da aka turo musu mutum sau uku kafin ya iya aikin minti goma. Na gan shi bara a wani ɗaurin aure a nan Birmingham, muka yi musabaha, bai gane ni ba, ba rigar a jikina. Na so in tambaye shi jikin Hajiya. Na rasa ta inda zan ce na san ta.

Yanzu ni kaɗai nake aikina da tsohuwar motata. Abin da zan gaya muku, ku masu sabuwar takarda, shi ne littafi zai koya muku iska da laka da fil da balansin, kuma duk gaskiya ne, ku bi su a jere. Amma in kun gyara abu sau biyu ya dawo, ku daina kallon ƙarfe. Wani yana rayuwa a ɗakin nan bayan kun fita, kuma ba yadda kuka tarar da ɗakin yake rayuwa ba. Ku je ba a sanar ba in da hali. Ku tambayi wanda yake kwana a ciki, ba wanda ya kira ofis ba. Na'urar likita ta gaya masa awon ɗakin uwarsa kowane minti, ba ta taɓa gaya masa dalili ba, dalilin kuwa yana matakala goma sha huɗu daga ɗakinsa. Ni ma ban fi shi ba. Da na ce sannu ranar da ta yi tari, da har yau ina da aikina.

Turaren ya kai min shekara ɗaya da rabi, don ranar Juma'a kawai nake sawa, ɗan ƙwaya biyu. Ya ƙare. Ledar tana cikin aljihun ƙofar mota, in rana ta bugi motar har yanzu tana ɗan tashi. Duk gidan da na ga takalmanmu a bakin ƙofa yanzu, sallama nake fara yi kafin in ajiye akwati. Wasu su amsa, wasu su dubi agogo.